Macijiyar Larna a Dajin Dumburum

Duk lokacin da aka tare hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ko aka kwashi mutane a wani ƙauyen Zurmi, akwai wata kalma da ba ta jinkirin fitowa a jaridun Turanci na ƙasar nan. Mai sharhi zai rubuta cewa ta'asar 'yan bindiga ta zama "hydra-headed monster". Ɗan majalisa zai maimaita a zaure, mai jawabi a taron tsaro ya sake ɗaukowa. Kafin 'yan bindiga, cin hanci ne ke riƙe da wannan laƙabi, kuma satar jarrabawa da rashin wutar lantarki duk sun taɓa samun rabonsu. Masu juya labarai zuwa Hausa kuwa, in sun ci karo da ita, sukan ce "dodo mai kawuna da yawa" su wuce abinsu.

Kalmar ta cancanci a tsaya a kanta, domin da ita ake ba wa sauran duniya labarin mutanen da ake binnewa a waɗannan garuruwa. Kuma a ganinmu masu amfani da ita rabin tatsuniyar kawai suka ɗauko, rabin da ba ya tuhumar kowa.

Asalin kalmar Girkanci ne, daga "hudor", wato ruwa. Haidira a wurin Girkawa macijiyar ruwa ce. Wannan tushen ne ke cikin sunan da Turawa ke kiran wutar madatsun Kainji da Shiroro da shi, shi ne kuma ke cikin sunan iskar haidirojin. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mawaƙin Girkawa Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci Haidira a matsayin 'yar wasu dodanni biyu, wadda Hera, matar babban gunkinsu Zus, ta rena don ƙiyayyar da take yi wa jarumi Harkilis. (Sunan nan ba baƙo ba ne a kunnen wanda ya yi karatun zaure: daga gare shi aka samo sunan Hiraƙal, Sarkin Rum da ake karanta labarinsa a farkon Buhari.) Cikakken labarin yana cikin wani littafi da ake jingina wa Afolodoras. Macijiyar tana zaune a fadamar Larna kusa da birnin Argos, takan fito ta hallaka shanu ta ɓarnata ƙasa. Kawunanta 9, na tsakiyar ba ya mutuwa. Sarki Yuristiyas ya aiki Harkilis ya kashe ta, aiki na biyu cikin ayyukan da ya ɗora masa. Jarumi ya koro ta daga raminta da kibau masu wuta, ya shiga farfasa kawunan da kulki, amma duk wanda ya fasa sai biyu su tsiro a gurbinsa. Ana cikin haka wata ƙatuwar ƙaguwa ta fito daga fadamar ta cije shi a ƙafa. Da ya ga abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya kira ɗan ɗan'uwansa Iyolas, shi kuma ya cinna wa wani sashe na kurmin da ke kusa wuta, yana ƙone kututturen kowane kai da bakin wuta kafin ya sake tohowa. Kan da ba ya mutuwa aka sare shi aka binne a gefen hanya, aka danne da dutse. Daga nan Harkilis ya farke cikinta ya tsoma kibansa a cikin dafinta. Da ya koma gida, sarki ya ƙi ƙirga masa aikin, wai ai an taimake shi.

Mu ma muna da namu macijin ruwan. Sarki, macijin rijiyar Kusugu a Daura, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sare kansa cikin dare. Sara ɗaya, magana ta ƙare, gari ya sha ruwa, aka ɗaura aure. Karin maganarmu ma a kan wannan layin take: in aka bar aiki rabi da rabi sai mu ce an kashe maciji ba a sare kansa ba. Wato a tunanin Bahaushe sare kai shi ne ƙarshen aiki. Tatsuniyar Girkawa ta zo da kishiyar wannan, ta ce akwai macijin da sare kai ke ƙara masa yawa. A nan kalmar ta faɗi gaskiya, kuma gaskiya ce da harshenmu bai tanadar mata gajeriyar kalma ba.

Duk wanda ya bi labarin Zamfara ya ga hakan da idonsa. A watan Fabrairun 2018 aka yi kisan Birane a ƙasar Zurmi. Wata guda bayan nan Dogo Giɗe ya kashe Buharin Daji, mutumin da a lokacin ake ɗauka shi ne kan macijin, aka yi ta murna kamar Bayajida ya sake dawowa. Ba a daɗe ba sunayen da a da ba kowa ya san su ba suka cika kunnuwa: Bello Turji a Fakai ta ƙasar Shinkafi, Ɗanƙarami a wajen Zurmi, Halilu Sububu, Ado Aleru a Tsafe. A watan Satumban 2024 sojoji suka kashe Halilu Sububu, hoton gawarsa ya zaga wayoyinmu, aka sake murna. A watan Yulin 2025 aka kashe mutum fiye da 30 daga cikin waɗanda aka sace a Banga ta Ƙaura Namoda, bayan an riga an kai kuɗin fansa. Ku duba ma sunayen da ake raɗa wa farmakin jami'an tsaro: Harbin Kunama, Diran Mikiya, Sharan Daji, Hadarin Daji. Hausa ce mai daɗi, babu musu, sai dai kowane suna a ciki bugu ɗaya yake alkawari, irin na Kusugu.

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aflatun ya riga ya mayar da Haidira abin misali. A littafinsa na Jamhuriya ya yi wa masu mulkin da ke ta kafa ƙananan dokoki suna gyara su ba'a, yana nuna cewa suna zaton za su kawo ƙarshen zamba ne, alhali kan Haidira suke ta sara. Abin lura shi ne wanda yake nunawa da yatsa: mai sarar, ba macijiyar ba. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwon. Ka toshe kuskure ɗaya da hantsi, kafin la'asar biyu sun ɓullo a wani wuri, domin ɓarakar tana cikin tsarin da aka ɗora komai a kansa. Injiniyan da ya shekara 10 yana toshe-toshe, kullum yana cewa manhajar ce mai taurin kai, abokan aikinsa sun san inda matsalar take. Yau a jaridunmu an juya kalmar ta koma uzuri. In mai mulki ya ce matsala mai kawuna da yawa ce, abin da yake nufi shi ne a yi haƙuri, abin ya gagari kowa. Amma a tatsuniyar an kashe macijiyar.

Da wuta aka kashe ta, kuma Zamfara ta gwada tata wutar. A farkon Satumban 2021, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sa aka kashe layukan waya a duk faɗin jihar. An rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi wadda dabbobinta ke kaiwa kudancin ƙasar nan, an hana sayar da fetur a jarka, an hana safarar shanu. Niyyar a fili take: a ƙone kututturen, a hana ɗan bindiga mai da abinci da labari. Sai dai Iyolas kan ɗora bakin wutarsa ne daidai wurin da aka sare, a daidai lokacin da aka sare. Wannan wutar kuwa kowa ta lasa. Mai POS ya zauna, ɗalibi ya rasa intanet, ɗan ci-rani ya kasa aiko wa gida kuɗi, ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa hanyar kiran agaji, yayin da rahotanni suka nuna waɗanda ke kusa da iyaka suna kama layukan Nijar. A aikinmu, kashe uwar garke gaba ɗaya don ɓarawo ɗaya ya shiga shi ne matakin wanda bai san ta inda aka shigo ba. Ƙona kututture a ƙasar Zurmi yana nufin abin da zai zauna a wurin bayan motocin soja sun juya: ofishin 'yan sanda da ba ya karɓar na goro, alƙalin da makiyayi da manomi duk za su yarda da hukuncinsa, makarantar da ke buɗe. Wannan aikin ba shi da hoton da zai zaga wayoyi, kuma kamar Sarki Yuristiyas, masu ƙirga nasara ba sa sa shi a lissafi.

Su kansu mutanen da ba su haɗiye tatsuniyar yadda take ba. Fausaniyas, wani matafiyi da ya ziyarci Larna a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ce shi a ganinsa kai ɗaya gare ta, wani mawaƙi ne ya ƙara mata kawuna don ta ƙara ban tsoro, waƙarsa kuma ta yi armashi. Da kowane mai sharhi a jarida zai karanta wannan kafin ya ɗauki alƙalami, da an rage ɓarnar tawada. Wani kuma, Falaifatas, ya ce Haidira sunan wata ganuwa ce mai maharba 50, duk wanda aka harbo sai biyu su hau gurbinsa. Shi ya ga mutane a inda mawaƙa suka ga dodo. Na ukunsu, malamin nahawun Rumawa Sarbiyas, wajen shekara ta 400, ya ce wuri ne da ruwa ke ɓuɓɓugowa yana cin gari, in an toshe ido ɗaya sai wasu su ɓalle, har sai da aka busar da wurin.

Ga mu mun dawo kan ruwa. Gulbin Gagare da ya ratsa ta Ƙaura Namoda, da Bunsuru da ya bi ta Zurmi, da fadamun da ke gefensu, su ne rayuwar manomi da makiyayi a wannan yanki. Dajin Dumburum, wanda yau sunansa kaɗai ke sa gaban mutum ya faɗi, yana cikin gandun da aka keɓe tun zamanin Turawa, daga baya ya zama makiyaya, da 'yan ƙauyukan noma irin su Dumburum da Shamushalle a tsakiyarsa. Masu bincike, ciki har da Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya gabatar da nasa a 2021, sun bi diddigin yadda aka yanka dazuzzuka aka raba gonaki, burtali ya toshe, mashaya ta koma lambu, tarar ɓarnar gona ta zama hanyar tatsar makiyayi, satar shanu ta talauta rugage, sannan bindigogi suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011. Ruwa ba ya tsami banza. Kalmar da sunanta ke nufin ruwa ita ce ake amfani da ita a rufe zancen fadamar da ta haifi macijiyar.

Ƙaguwar nan da ta ciji Harkilis a ƙafa ba mu taɓa jin mai sharhi ya ambace ta ba, alhali a Zamfara ita ce ta fi kowa aiki: mai kai rahoto, mai kai mai da burodi daji, mai sayen shanun sata. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta ya miƙa rahotonsa a Oktoban 2019, ya ƙirga mutum fiye da 6,000 da aka kashe daga 2011, ya kuma zargi wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro da hannu a ciki. A 2022 gwamnatin jihar ta tuɓe Sarkin Zurmi na lokacin bisa irin wannan zargi. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma wani abu da kalmar ke yi a ɓoye. Duk wanda ya kira abokin gabansa Haidira ya naɗa kansa Harkilis ke nan. Masana tarihi Peter Linebaugh da Marcus Rediker sun rubuta littafi a shekara ta 2000 a kan haka, inda suka nuna yadda masu mulki da masu jiragen fataucin bayi a Ingila da Amurka suka yi ta kiran bayi masu tawaye da ma'aikatan jirgi da talakawa da wannan suna. Dodo ba shi da uwa, ba shi da ƙauye, ba a gurfanar da shi a kotu, ba a kuma tambayar wa aka kashe da sunansa. In aka ce jiki ɗaya ne mai kawuna, to Bafulatanin da aka sace wa shanu ya gudo Shinkafi da 'ya'yansa ya zama gaɓar jikin, jininsa ya halatta a kasuwa. Shi kuma wanda ya yanka mutanen Banga ya samu mafaka a cikin kalmar, domin an ɗauke laifin daga wuyansa an rataya wa wata halitta. A 2022 Trust TV da BBC suka fitar da finafinan bincike da suka nuna fuskokin waɗannan mutane suna magana da bakinsu. A watan Agusta hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, wai an kambama ta'addanci. Muna da ja a kan wasu wurare a irin waɗannan finafinai, domin makashi ma yana son kyamara, kuma ya san abin da zai faɗa don a tausaya masa. Duk da haka, mai kallo ya tashi ya san cewa mutum ne mai suna da gari ya aikata, wanda za a iya kamawa a tuhuma.

Laifin bai tsaya kan masu Turanci ba. A yawancin labaran Hausa da ke zuwa mana ta WhatsApp da Wattpad, ɗan bindiga inuwa ne mai rawani da jajayen idanu, aikinsa ya sace jaruma a babi na 20 don jarumi ya samu abin yi. Haidira ce da rigar Hausa. Abin mamaki, tatsuniyoyin kakanninmu sun fi mu wayo. Dodon tatsuniya yana magana, yana ciniki, yana karɓar alkawari ya dawo neman cikawa, har aure yake nema a cikin gari. Wannan Dodon ya fi kusa da wanda ke aza wa ƙauye harajin noma kafin a yi shuka, ya sake aza wani kafin girbi, ya zauna sulhu da masu gari, ya aika wa sarki wasiƙa kamar yadda Turji ya yi a ƙarshen 2021. Haidira bebiya ce, ba ta taɓa cewa uffan ba. Mai fassarar da ya juya ta zuwa "dodo" ya rage wa Dodo daraja, ya kuma tsallake tambayar da marubucin ƙagaggen labari ya fi kowa iya amsawa: me mai gari ke ji a ransa ranar da yake bi gida-gida yana tara kuɗin harajin?

In dole sai an yi aron kalmar, akwai wata ma'anarta da ta fi dacewa. A 1744 wani ɗan Janiba mai suna Abraham Trembley ya wallafa bincikensa a kan wata 'yar halitta ta cikin kududdufi, wadda ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya yayyanka ta, sai kowane yanki ya zama cikakkiyar halitta mai cin gashin kanta. A 1758 Linnaeus ya tabbatar mata da sunan Haidira. Macijiyar Larna jiki ɗaya gare ta, in an kai ga jikin an gama. Ta kududdufin ba ta da inda za a soka. Dabobin dajin Zamfara da ita suka fi kama: babu shugaba ɗaya, suna yaƙar juna, yaron kachalla na jiya shi ne kachallan gobe da nasa yaran da nasa ƙauyukan haraji. Haka aka gina intanet ma, in wata mahaɗa ta mutu saƙo ya bi ta wata. Wanda ya yi sulhu da kai ɗaya, kamar yadda aka yi a 2016 da 2019, da wannan kan kaɗai ya yi.

Saura kiban. Masu aron kalmar sukan rufe littafin a Larna, alhali labarin bai ƙare a nan ba. Kiban da Harkilis ya tsoma a dafin sun yi masa aiki shekaru. Da ɗaya daga cikinsu ya harbi amininsa Kairon bisa kuskure, raunin ya ƙi warkewa. Zamfara ta san wannan babin. 'Yan sa-kai sun taso ne don kare garuruwansu lokacin da babu mai kare su, kuma kisan da wasunsu suka yi ba tare da shari'a ba ya zama hujjar da kowane kachalla ke ɗaukar sababbin yara da ita. A Janairun 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara don a sa wannan ƙarfi cikin tsari. Shekara guda bayan nan, a Janairun 2025, jirgin yaƙi ya yi luguden wuta a Tungar Kara, tsakanin Zurmi da Maradun, waɗanda suka mutu kuwa 'yan sintiri ne da mutanen gari da suka fito bin sawun 'yan bindiga.

Da wata kibiyar Harkilis ya kashe Nesas, wanda ya nemi sace masa mata a bakin kogi. Kafin ya cika, Nesas ya ce wa matar ta adana jininsa, wai maganin mallakar miji ne. Bayan shekaru, da kishi ya kama ta, ta shafa jinin a riga ta aika wa mijin. Dafin Haidira da ke cikin jinin ya kama fatarsa yana ci, har ya sa aka tara masa itace a kan dutsen Oita ya hau aka cinna wuta. Kwari da bakan ya bar wa Filoktitis, wanda ya yarda ya kunna wutar, shi kuma ya tafi da su yaƙin Taroyi, inda ya harbe Faris ɗan sarkin garin da kibiya mai wannan dafin.